Yadda Muka Cire Hannunmu Daga Kangon Baba

Tun ina ƙarami nake jin Baba yana cewa kangon da ke jikin gidanmu na masallaci ne. Gidan yana cikin birnin Zazzau, ta wajen Ƙofar Gayan, kangon kuwa ɗakunan kakarmu ne na ƙasa da damina ta cinye. Akwai turken awaki a ciki, akwai inda wani maƙwabcinmu mai ɗibar yashi yake ɗaure jakinsa da izinin Baba, can kusurwar yamma kuma akwai tsohuwar shadda da aka daina shiga. Baba ya faɗi maganar ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a gaban baƙi da 'yan gida, amma har Allah ya karɓi ransa a ƙarshen 2023 awaki na nan a turkensu.

Da aka share makoki, ni da babban yayanmu muka tafi wurin malamin da Baba yake ɗaukar karatu a zaurensa, can wajen Kona. A zatonmu addu'a za mu roƙa, da shawarar ranar da ta dace a sa harsashin gini. Muka gaisa, ya ƙara yi mana ta'aziyya, Yaya ya karanto abin da ya kawo mu. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mahaifinku ya taɓa buɗe wa mutane wurin, ko da salla ɗaya aka yi?" Yaya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba a taɓa ba." Ya ce, "Ya ce muku bayan ransa a fitar da shi, a gaban shaidu?" Muka dubi juna. Abin da kowa ya sani shi ne Baba yakan ce, "In Allah ya hore mini, nan zan yi masallaci." Malam ya ce, "To, 'ya'yana, Allah ya ba shi ladan niyyarsa. Amma wannan fili gado ne."

Maganar ta yi mini nauyi ƙwarai a lokacin. Malam ya jawo Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, daga cikin littattafan da ke gefen buzunsa ya buɗe babin wakafi, ya karanta mana yana fassarawa. A mazhabar Malikiyya wakafi ba ya tabbata sai wanda ya bayar ya saki abin tun yana da ransa, kafin ciwon ajali ya kwantar da shi, kafin kuma bashi ya cinye dukiyarsa. Idan masallaci ne, sakinsa shi ne a bar mutane su shiga su yi salla babu mai tare su. Da Baba ya yi wasiyya ce, da sai a fitar daga sulusin dukiyarsa. Tunda bai yi ko ɗaya ba, daga lokacin da ya cika kangon ya zama na magada, kowa da taƙinsa a ciki, har da wanda bai san ana yi ba.

Wanda bai san ana yi ba shi ne autanmu, ɗan amaryar Baba, yana aji uku na firamare. Mu 'ya'ya maza huɗu ne, mata uku, ga iyayenmu mata biyu da za su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas na dukiyar. Abin da ya rage bayan tumunin za a kasa shi kashi 11, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Wato Auta yana da kashi biyu a cikin wannan kangon, kuma babu wanda yake da ikon yin kyauta da su a madadinsa, ko mahaifiyarsa, ko Baffa da ke riƙe da al'amuransa. Malam ya tuna mana yadda aka samu filin masallacin Annabi (SAW) a Madina. Na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, wurin shanyar dabino. Yaran suka ce sun bayar kyauta, Annabi ya ƙi karɓa sai da aka saya daga hannunsu. Ya ce, "Idan masallacin Madina bai tsaya a kan haƙƙin maraya ba, naku ne zai tsaya?"

Daga nan aikin ya koma wani abu daban da wanda muka zo da shi. Muka jira iyayenmu suka fita takaba, wata 4 da kwana 10, sannan aka kai rabon gadon gaban alƙali. Aka yi wa gida da gona da kangon kuɗi, kowanne da ƙimarsa. Alƙali ya tattara rabon Auta gaba ɗaya ya sa shi a gonar da ke hanyar bayan gari, aka cire sunansa daga kangon, mu manya muka ɗauki kangon a cikin namu rabon. Wannan bai ɗauki dogon lokaci ba, don babu wanda ya yi jayayya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Yaya ya tara mu a tsakar gida ya ce wa ya yarda a bayar don Allah, ladan ya kai wa Baba. Kowa ya ce ya yarda. Da muka koma muka gaya wa Malam, sai ya ce bai karɓi wannan yardar ba. "Wa zai ce a'a a gaban babban wa, ana ambaton sunan mamaci? Dukiyar musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Kunya ba daɗin rai ba ce." Ya tako da kansa har gidanmu, duk da ciwon gwiwa, ya zauna a zaure ya ce a turo masa mu ɗaya bayan ɗaya, babu mai rako wani. Iyayenmu mata kuwa ya yi magana da su daga bakin ƙofar ɗakunansu, Gwaggo tana zaune a matsayin shaida.

A nan ne ƙanwarmu ta biyu ta faɗi abin da ba ta iya faɗa ba a tsakar gida. Mijinta ya rasu shekarun baya, tana da yara a makaranta, kuma ta riga ta sa rai cewa ɗan abin da zai zo mata daga kangon shi za ta haɗa ta sayi keken ɗinki da kayan aiki. Tana faɗa tana kuka, wai tana tsoron kada Baba ya yi fushi da ita a kabarinsa. Malam ya ce mata, "'Yata, mahaifinki ba zai ji daɗin masallacin da aka gina da kuɗin makarantar jikokinsa ba. Karɓi haƙƙinki, babu zunubi a kanki ko ƙwayar zarra." Mu maza uku muka haɗa kuɗi muka sayi kasonta a kan ƙimar da aka yi a kotu, aka rubuta, ta sa hannu. Har yau ina gode wa Allah da Malam ya dage a kan wannan. Na san masallatai a lungunan garin nan da aka gina bisa "ai duk sun yarda," alhali akwai wata mace a wani gida da ba ta taɓa samun wanda ya tambaye ta ita kaɗai ba. Mutane sukan damu da kada ɗigon fitsarin yaro ya taɓa tabarmar masallaci, kuma daidai ne su damu, amma ƙasar da ke ƙarƙashin tabarmar ba kowa ke tambayar yadda aka same ta ba. Hadisi ya ce Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar komai sai mai tsarki, kuma ni a fahimtata daga takardar fili ake fara wannan lissafin, ba daga buta ba.

Wasu a unguwa sun ce masallatai sun yi yawa a birni, me zai hana a yi wani abu daban. Maganar tana kan hanya. Sai dai mu wanda ya fi kusa da mu sai an tsallaka kwalta, tsofaffinmu kuwa da damina asuba da lisha a gida suke yi saboda taɓo da duhu. Mai unguwa ya tara dattawa suka amince, da sharaɗin na salloli biyar ne kawai, Juma'a kowa ya tafi inda ya saba.

Sai maganar ƙasar kanta. Ni da kaina na ɗauka turken awakin nan shi ne babbar matsala, don shekara da shekaru kashinsu ya taru ya daskare har ya fi tafin hannu kauri. Malam ya zo ya zaga da sandarsa, ya caka wurin ya ce wannan ba najasa ba ce. A Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, muddin ba ƙazanta take ci ba, kuma Annabi (SAW) ya kasance yana salla a garken tumaki kafin a gina masallaci. Ya ce a kwashe shi don tsabta da wari, a kai gona ya yi amfani. Da ya zo turken jaki kuwa sai ya tsaya. Jaki ba a cin namansa, don haka abin da ya fito daga cikinsa najasa ne. Haka gindin katanga inda kajin unguwa suke kwana, tunda a bola da kwata suke kiwo. Haka wani lungu da yara suka mayar wurin tsugunno da dare.

Waɗannan wurare uku ya sa aka zana musu da'ira da toka. Leburori suka sa diga da shebur suka kwashe ƙasar sama har sai da ta canza launi ta koma ja, aka loda a baro aka fitar. Sannan aka kira 'yan ga-ruwa da kurarsu. Malam ya ce a ɗebo masa a moɗa tukuna, ya duba launin, ya sansana, ya ɗanɗana, don ruwan da wani abu ya canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya tsarkake komai. Ya gamsu, aka shiga tuttula jarka bayan jarka. Ƙasar da farko ta riƙa shanyewa da ƙara, tana fitar da wani tururi mai zarni, daga baya ruwan ya fara kwanciya garau a kai, warin ya ɗauke. Wani matashi cikin masu kallo ya ce ai da an bari rana ta busar da wurin ma ya isa. Malam ya ce haka Hanafawa suke gani, kuma malamai ne, amma a wurinmu ƙasa da ruwa ake tsarkake ta, kamar yadda aka yi ranar da baƙauyen nan ya yi fitsari a masallacin Madina: Annabi ya hana a katse shi, da ya gama ya sa aka zuba guga guda na ruwa a wurin. Shi ke nan, ba a rufe masallacin ba, ba a yanka komai ba, ba a yi wani turare na musamman ba.

Wannan sauƙin ya ba wasu mamaki. Wata tsohuwa a maƙwabta ta aiko cewa kango irin wannan ba a rasa masu shi, ya kamata a zubar da jini kafin a taɓa shi. Malam ya aika mata da gaisuwa cikin girmamawa, ya ce a gaya wa Iya filin Madina ma da kaburburan mushirikai da kangaye da itatuwan dabino aka same shi, aka tone kaburburan, aka baje kangayen, aka sare dabinon, aka yi gini. In ana son yanka, a yanka don Allah a raba wa mabukata, ba don wani mai kango ba.

Shaddar ce ta fi cin aiki. Aka fasa bakinta, aka cika ta da ɓaraguzan gini da marmara, ana zubawa ana daɓewa, aka bar ta ta zauna, aka ƙara. Ko da yake in an binne ta da ƙasa mai tsarki salla a kai ta inganta, magini ya ce shi ba zai ɗora bango a kan tsohon rami ba. Babu wanda ya ja da shi. Kowa a Zariya yana tune da ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, lokacin da wani sashe na babban masallacin da ke ƙofar fada ya rufta wa mutane ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi ne tun zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, abin alfaharin garin nan. Tun daga ranar, duk wanda ya ce a duba ƙarfin ginin masallaci ba a ce masa ya cika tsoro. Wani injiniya ɗan unguwarmu ya duba mana zurfin harsashi da yawan rodi bai karɓi ko sisi ba. Kusurwar shaddar aka bar ta a waje, yanzu nan ake ajiye takalma.

Alƙibla muka ɗauko bayan haka. Mutanenmu sun saba cewa gabas, kuma tsofaffin gidaje da yawa gabas sak suke kallo, amma daga Zariya Makka tana gabas ne maso arewa, kimanin digiri 67 daga arewa. Kowa ya fito da wayarsa, kowace waya da inda kibiyarta ta nuna, don rodin da aka jibge a wurin yana ruɗa su. Injiniyan ya ce mu haƙura mu jira rana. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba, ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, sai kuma 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokacin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Muka jira ta Mayu. Magini ya share wuri ya daidaita shi, ya rataya igiyar awonsa mai dalma a jikin wani katako, kowa ya zuba wa agogo ido, ana ta addu'ar kada hadari ya taso. Da lokaci ya yi inuwar igiyar ta kwanta siririya a ƙasa, aka kafa ƙusa a farkonta da ƙarshenta, aka ja zare. Malam ya tsaya a bayan zaren ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Alhamdu lillahi. A kan wannan za a yi mihirabi."

Da aka juya ginin bisa zaren, sai kusurwarsa ta arewa ta leƙa cikin lungu da kamar kamu biyu. Wasu suka ce ai don Allah ne, mai unguwa ba zai hana ba. Mai unguwa da kansa ya ce, "Ba tawa ba ce balle in bayar. Nan ake wucewa da makara, nan kura take bi." Aka janye igiya ciki. Mun rasa sahu guda a dalilin haka.

Ginin kansa babu abin faɗa da yawa. Bulo, siminti, linta, kwano, filasta, daɓe. Maƙwabta suka yi ta kawo abin da ya sawwaƙa, mata suka haɗa kuɗin tabarmi da butoci, wani kafinta ya yi ƙofofi kyauta. Akwai wata ƙofa da ta haɗa kangon da cikin gidanmu tun zamanin kakarmu, Yaya ya so a bar ta don sauƙin fitowa asuba. Malam ya ce babu laifi a shari'a, amma shawararsa a toshe, domin jikokinmu kada su tashi suna ganin masallacin kamar wani ɗaki ne daga ɗakunan gida. Ni na miƙa wa birkila bulon da aka toshe ta da shi. Ta ƙofar nan nake shiga wurin kakarmu in karɓi ɗumame da safe, kuma ban ɓoye ba, idona ya kawo ruwa.

Ranar da aka buɗe, kafin azahar, aka zauna a ƙofar gida da mai unguwa da dattawa. An rubuta takardar wakafi da Larabci da Hausa, an faɗi iyakokin filin ta fuska huɗu da sunayen waɗanda suka bayar. Malam ya sa kowannenmu ya furta da bakinsa cewa ya bayar don Allah har abada. Ya karanto sharaɗin da Sayyidina Umar ya gindaya wa gonarsa ta Haibara lokacin da ya yi wakafinta bisa shawarar Annabi: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. Shaidu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Yaya ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wa dattijon da jama'a suka zaɓa ya kula da wurin, wanda ba danginmu ba ne. Aka buɗe ƙofar da ke kallon lungu, ladan ya kira salla, mutane suka shiga babu wanda ya nemi izinin kowa. Malam ya ce mana wannan shigar tasu ita ce ta cika wakafin, ita ce abin da Baba bai kai ga yi ba.

Na yi ta tunanin abin da ya canza tsakanin hantsi da azahar na ranar. Ƙasar an wanke ta tun watanni, ginin ya bushe tun makonni. Da hantsi magini yana zaune a ciki da takalminsa yana lissafin kuɗin leburori, ana ciniki da mai kawo yashi, kuma babu laifi a kan kowa. Bayan azahar, wanda ya shiga ba zai zauna ba sai ya yi raka'a biyu na gaisuwar masallaci. Mai janaba ba zai zauna a ciki ba. Ba a saye da sayarwa, ba a cigiyar abin da ya ɓace, wanda ya ci ɗanyar albasa ya dakata a gida har warin ya tafi. Ba wani abu aka shafa wa bangon ba, ba a binne komai a ƙarƙashinsa ba. Abin da ya faru kawai shi ne masu shi sun fita daga cikinsa. Alƙur'ani ya ce masallatai na Allah ne, kuma sai da na ga makullin ya bar hannun Yaya na gane cewa maganar har da mu take, mu da muka haƙa harsashin.

Hukuncin bai jima ba ya fara aiki a kanmu. An samu ragowar bulo da buhunan siminti bayan gini, ga katangar gidanmu ta baya tana neman gyara. Yaya ya tambayi Malam ko za a iya amfani da su, tunda mafi yawan kuɗin daga aljihunmu ya fito. Malam ya ce abin da aka saya da sunan masallaci na masallaci ne, in muna so mu saya a farashin kasuwa a sa kuɗin a asusu. Haka aka yi, dattijon da ke riƙe da makulli ya ƙirga ya rubuta. Da aka zo zaɓen liman, wasu suka ce a ba ƙanena da ya yi karatu, don girmama Baba. Shi da kansa ya ce akwai wanda ya fi shi karatu da shekaru a lungun, aka ba wancan, shi ya zama na'ibi. Ni ma babur ɗina da na saba jinginawa a inuwar wannan bangon, yanzu a zaure yake kwana, don harabar ta masu alwala ce.

Takardar wakafin an yi mata kwafi, ɗaya tana wurin mai unguwa, ɗaya wurin liman, ɗaya a cikin akwatin takardun gidanmu tare da takardar rabon gado, inda duk wanda ya buɗe nan gaba zai ga cewa kangon ba ya cikin abin da za a raba. Muna kan bin hanyar yi masa rajista a hukumar filaye da sunan masallacin. Ruwan alwala har yanzu daga 'yan ga-ruwa ake saye, kuma dattawa sun fara magana a kan haƙa rijiya a gefen kudu, nesa da inda tsohuwar shaddar take.